Laifi Tudu Ne, Ko a Filin Ƙwallo

A wannan fitowa ta mujallar bango, ra'ayinmu ya karkata ga wata tsohuwar gaba ta wasa da ke tsakanin manyan jami'o'i biyu na ƙasar Amurka, da yadda kowacce ta yi da laifin mutanenta. Wani zai ce ina ruwanmu da rigimar da ake yi a bayan teku, a kan wasan da ko dokokinsa ba mu sani ba. Ruwanmu shi ne tambayar da ta dame su ita ce ke damun kowace makaranta mai fili da ƙwallo: idan wanda ke ciyo mana kofi ya karya doka, yaya za mu yi da shi? Ya fi sauƙi mu auna maganar a kan mutanen da ba mu da ɗa ko jika a cikinsu, kafin mu juyo da mudun gida.

Su waye masu gabar?

Wasan da ake magana a kai shi ne ƙwallon Amurka, wanda ya fi kama da zari-ruga. Ana sa hular kwano da sulke, ana ɗaukar ƙwallon a hannu a ruga da shi. Jami'o'in kuwa su ne Jami'ar Mishigan da ke garin Ann Arbor, da Jami'ar Jihar Ohayo da ke Kolombus. Jihohin biyu maƙwabta ne, har sun taɓa yin rikicin iyaka a 1835 a kan yankin Toledo. Tun 1897 ƙungiyoyin jami'o'in suka fara karawa, kuma bisa al'ada suna haɗuwa ne a ƙarshen watan Nuwamba, a wasan rufe kaka. Filin Mishigan yana cin mutum sama da 107,000, na Ohayo ma ya haura 100,000. Duk wannan taro ana yin sa ne don kallon ɗalibai. Hukumar da ke sa ido a kan wasannin jami'o'in ƙasar ita ce NCAA, sannan jami'o'in biyu suna cikin rukunin gasa ɗaya mai suna Big Ten.

Kocin da ya sha kaye a wannan wasa, ko ya ci sauran wasannin shekara, ba ya barci da ido biyu rufe. Inda nasara ta yi irin wannan tsada, son zuciya ba ya nisa.

Laifin Ohayo

Tun 1934 akwai al'ada a Ohayo: duk shekarar da suka doke Mishigan, ana ba kowane ɗan wasa ɗan ƙaramin abin wuya na zinare mai siffar wando. A Disamba 2010 ta bayyana cewa wasu taurarin ƙungiyar, ciki har da jagoransu a fili Terrelle Pryor, sun sayar da irin waɗannan kyaututtuka da zobban kambu da rigunan wasa, wasu kuma sun samu rangwamen zanen jiki a shagon wani mutum da hukumomi ke bincika kan safarar miyagun ƙwayoyi. A lokacin doka ta hana ɗan wasan jami'a cin wata riba da sunansa na ɗan wasa. Aka yanke wa biyar daga cikinsu dakatarwar wasa biyar, amma sai a kakar 2011. Aka bar su suka buga babban wasan Sugar Bowl a Janairu 2011, suka doke Jami'ar Arkansas.

A nan ne muka fara ganin karkatar ma'auni. Idan laifin ya kai na dakatarwa, me ya sa za a jinkirta ta sai an gama wasan da ke kawo kuɗi da suna? Horon da ake ɗage wa mutum har sai ya gama yi maka amfani, ciniki ne aka yi da shi.

Babbar magana tana gaba. A Maris 2011 aka gano cewa kocin ƙungiyar, Jim Tressel, ya san da lamarin tun Afrilu 2010, domin wani lauya ya aiko masa da saƙon imel yana faɗa masa. Bai kai rahoto ba. A Satumba na shekarar ma ya sa hannu a takardar da ke cewa bai san da wani karya doka ba, kuma ya ci gaba da sa yaran a wasa har kaka ta ƙare. Wannan mutum shi ne ya ciyo wa jami'ar kofin ƙasa a kakar 2002, ya doke Mishigan sau tara cikin karawa goma, kuma an san shi da yawan magana a kan tarbiyya da riƙon amana. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Ranar 30 ga Mayu 2011 ya ajiye aiki. Aka soke nasarori 12 da ƙungiyar ta samu a kakar 2010, har da wadda ta yi a kan Mishigan. NCAA ta kuma haramta wa ƙungiyar shiga wasannin bayan kaka na 2012.

A 2012 ɗin sai ƙungiyar ta ci wasanninta 12 cif, babu wanda ya doke ta, amma babu damar neman kofi. Yawancin yaran da suka yi wannan gumi ba su sayar da komai ba, ba su ɓoye komai ba. Wani ya ci, wani ya biya.

Magoya bayan Mishigan sun yi dariya har da riƙe ciki, suna cewa dama Ohayo gidan maguɗi ce.

Laifin Mishigan

Shekara goma sha biyu bayan nan reshe ya juye da mujiya. A ƙwallon Amurka kociyoyi sukan tsaya a gefen fili suna yi wa 'yan wasansu ishara da hannu ko da alluna, don su san dabarar da za a yi. Idan ka gane isharar abokin karawarka ana cikin wasa, ba ka yi laifi ba, kaifin idonka ne. Abin da doka ta hana tun 1994 shi ne tura mutum ya je filin ƙungiyar da za ka kara da ita nan gaba ya leƙo maka asirinta. An kuma hana ɗaukar isharar da na'ura.

A Oktoba 2023 aka bankaɗo cewa wani ma'aikacin ƙungiyar Mishigan, Connor Stalions, wanda tsohon sojan kundumbala ne, yana sayen tikitin wasannin abokan karawa yana tura mutane su ɗauko masa bidiyon gefen fili da wayoyinsu. Binciken NCAA ya nuna an yi hakan a wasanni sama da 50 tsakanin 2021 da 2023. Waɗannan su ne shekarun da Mishigan ta farfaɗo ta riƙa doke Ohayo, bayan ta sha kashi sau takwas a jere daga 2012 zuwa 2019.

Stalions ya ajiye aiki a farkon Nuwamba 2023. Rukunin Big Ten ya hana babban koci Jim Harbaugh tsayawa a gefen fili a wasanni uku na ƙarshen kaka, har da na Ohayo. Harbaugh ya ce bai san da zancen ba, rukunin ma ya ce ba shi da shaidar cewa ya sani, jami'ar yake hukuntawa ta kansa. Dakatarwarsa ta biyu ke nan a shekara ɗaya, domin a farkon kakar jami'ar da kanta ta dakatar da shi wasa uku a kan karya dokar zawarcin 'yan wasa a lokacin annobar korona. Duk da haka Mishigan ta doke Ohayo da ci 30 da 24, ta ci wasanninta 15 gaba ɗaya, ta ɗauki kofin ƙasa a Janairu 2024. Ba a cika wata guda ba Harbaugh ya koma gasar ƙwararru ta NFL, inda dokar NCAA ba ta isa.

Hukuncin NCAA bai fito ba sai a Agusta 2025. Aka ci jami'ar tara da aka ƙiyasta za ta haura dala miliyan 20. Aka sa wa Harbaugh takunkumin shekara 10 a wasannin jami'o'in da ya riga ya bari, Stalions kuma shekara 8. Wanda ya gaji Harbaugh, Sherrone Moore, ya sha dakatarwa saboda ya goge saƙonni 52 da suka yi da Stalions lokacin da asiri ya tonu. Amma ba a soke nasara ko ɗaya ba, ba a karɓe kofin ba, ba a kuma hana ƙungiyar wasannin bayan kaka ba. Hukumar ta ce yin hakan zai cuci ɗaliban da ba su da hannu a laifin.

Yanzu kuma magoya bayan Ohayo ne ke ihun a soke, a ƙwace, a kora. Mutanen Mishigan da suka yi guɗa a 2011 suna cewa ai kowa na yi, hassada ce kawai. Hausawa sun gama magana da suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ra'ayinmu

Na farko, ɓoye laifi ya fi laifin kansa ɓarna. Abin da yaran Ohayo suka sayar nasu ne, da guminsu suka same shi. Da Tressel ya kai rahoto a Afrilu 2010, da sun sha dakatarwarsu magana ta wuce. Shirun babba ne ya jawo asarar aikinsa, da soke kaka guda, da haramcin da ya faɗa kan 'yan 2012. Haka Moore, goge saƙonni ne ya ja masa horo. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma mai shiga cikinsa ba ya shiga shi kaɗai, sai ya ja na ƙasa da shi.

Na biyu, babba ya kamata ya fi ɗaukar nauyin hukunci. Yaro ɗan shekara ashirin da ya karɓi kuɗi kaɗan a kan zobensa ba ɗaya yake da koci mai albashin miliyoyi da ya sa hannu a takardar ƙarya ba. Amma ku dubi inda kowa ya ƙare. Tressel ya zama shugaban Jami'ar Jihar Youngstown a 2014, a 2025 kuma ya zama mataimakin gwamnan Ohayo. Harbaugh yana can yana horar da ƙwararru. Yaran kuwa har yau bajintarsu ta 2010 a goge take a littafin tarihi, duk da cewa tun Yuli 2021 an halatta wa 'yan wasan jami'a samun kuɗi da sunansu. Ba muna cewa wanda ya yi kuskure kada ya sake ɗaga kai ba. Muna cewa idan ƙofar tuba a buɗe take ga babba, bai dace a garƙame ta ga yaro ba.

Na uku, hukuncin da ya zo a makare ya rasa rabin amfaninsa. Kusan shekara biyu aka ɗauka kafin a yanke na Mishigan. Kafin nan an ci kofi, an yi biki, kocin ya tafi, taurarin sun gama karatu. Wanda ke kallo daga gefe darasi ɗaya zai ɗauka: yi maguɗinka ka ci, tara ta biyo baya, jami'a mai kuɗi za ta biya. Tarar kuɗi ga mai arziki kuɗin shiga ƙofa ce.

Na huɗu, kuma shi ne ginshiƙin maganarmu, mudu ɗaya ya kamata a auna wa kowa da shi. Mun yarda da hujjar NCAA ta 2025 cewa bai dace a hana ɗaliban yau wasa saboda laifin waɗanda suka tafi ba. Hujja ce mai kyau, kuma da an yi aiki da ita a 2011 da ba a cuci 'yan 2012 ba. Amma tsare marar laifi daban, barin mai laifi da ganimarsa daban. A ganinmu nasarorin da aka samu a wasannin da aka tabbatar an leƙo asirin abokin karawa ba bisa ƙa'ida ba sun fi cancantar sokewa fiye da na yaran da suka sayar da zobe, domin zanen jiki bai taɓa sa wa kowa ƙwallo a raga ba, sanin dabarar abokin karawa kuwa yana taɓa wasan kansa.

Abin da masu ja za su ce

Akwai masu cewa Mishigan ta ci manyan wasanninta bayan tafiyar Stalions, har da na Ohayo da na kofi, saboda haka leƙen bai ƙara mata komai ba. Gaskiya ne ta ci su, kuma ƙungiyar tana da ƙarfi. Sai dai wannan hujja tana da kaifi biyu. Idan za ka iya ci ba tare da maguɗi ba, me ya kai ka? Ɗalibin da aka kama da takarda a safa ranar jarrabawa ba ya tsira da cewa dama ya san amsar. Abin takaici ma shi ne 'yan wasan da suka yi aiki tsakaninsu da Allah yanzu kullum sai an sa alamar tambaya a gefen kofinsu.

Wasu kuma na cewa kowa na yi, wanda aka kama ne ɓarawo. Ko da haka ne, yawan masu laifi ba ya mai da shi halal. Maganinsa shi ne a kama sauran, ko a gyara dokar a fili. An ma gyara wani abu, domin daga kakar 2024 an yarda koci ya yi magana da ɗan wasa ta na'urar da ke cikin hular kwano, abin da ya rage dogaro da ishara. Gyaran doka aikin masu doka ne a gaban kowa. Kafin a gyara ta, wanda ya karya ta a ɓoye ya cuci wanda ya bi ta.

Masu cewa ba za a iya taɓa gwarzo ba kuwa, tarihin Ohayo kansa ya ba su amsa. Woody Hayes ya horar da ƙungiyar shekara 28, babu kocin da ya kai shi daraja a jihar. Ranar 29 ga Disamba 1978, ana dab da tashi daga wasa da Jami'ar Clemson, wani ɗan wasan Clemson mai suna Charlie Bauman ya cafke ƙwallon da Ohayo ta jefa. Hayes ya fusata ya kai masa naushi a gaban kyamarorin talabijin. Washegari da safe jami'ar ta sallame shi. Ba a jira kwamiti ba, ba a jira a gama kaka mai zuwa ba. Jami'ar ba ta rushe ba, kuma har yau ana tuna cewa ta iya tsawata wa nata.

'Yan kallo ma da nasu kason. Ranar 30 ga Nuwamba 2024 Mishigan ta je har Kolombus ta ci 13 da 10. 'Yan wasanta suka yi yunƙurin kafa tutarsu a tsakiyar filin masu masauki, faɗa ya kaure, sai da 'yan sanda suka fesa barkono kafin a raba. Big Ten ta ci kowace jami'a tarar dala 100,000. Har wani ɗan majalisar jihar Ohayo ya gabatar da ƙudirin mai da kafa tuta a filin babban laifi. Yaran da suka ba hammata iska a ranar sun tashi ne suna jin manya na kiran ɗaya ɓangaren maƙiya. Abin da aka shuka shi ya tsiro.

Mu juyo gida

Mu a Najeriya ba baƙi ba ne ga irin wannan. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da ƙasarmu shekara biyu daga gasannin matasa, saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasa da aka gabatar a gasar Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a baya, har muka rasa damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. Manya ne suka cike takardu, matasan da ba su ji ba su gani ba suka rasa dama. A matakin makarantu ma kowa ya san zancen sojan haya, wato a ɗauko ƙato daga cikin gari a sa masa rigar makaranta ranar wasa. Idan abokan karawarmu suka yi, sai mu ce sun ci amana. Idan namu ne, sai mu ce dabara ce. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Saboda haka, cikin ladabi, ga roƙonmu ga hukumar makaranta, da malamin wasanni, da shugabannin gidaje. A rubuta dokokin gasa da hukuncin kowane laifi a manna su a allon sanarwa tun kafin a busa usur na farko, domin dokar da aka ƙirƙira bayan an san wanda za ta kama ba ta samun amincewar kowa. A tantance sunan kowane ɗan wasa da rajistar ajinsa a gaban wakilan dukkan gidaje. Wanda ya yi laifi ya sha horonsa a wasan da ke gaba, ko da shi ne na ƙarshe, ko da shi ne mai ci mana ƙwallo. Kada malami ko firifet ya zauna a shari'ar gidansa. Wanda ya kawo ƙarar kansa a sassauta masa, wanda ya ɓoye a ƙara masa, babban da ya ɓoye kuma a fara da shi. Kada a hukunta gida guda ko 'yan baya saboda laifin mutum biyu, amma nasarar da aka tabbatar da maguɗi aka same ta a mayar wa mai ita.

Mu kuma ɗalibai, ga gwaji mai sauƙi. Duk lokacin da aka zargi ɗan gidanku ko ɗan ƙungiyarku, kafin ka buɗe baki ka tambayi kanka: da ɗan wancan gidan ne ya yi, wane hukunci zan nema? Abin da zuciyarka ta ba ka, shi ne ya dace da naka. Kaftin ɗin da ya iya cewa "Malam, wannan ba ɗan makarantarmu ba ne" alhali a ɓangarensa yake, ya yi wa makaranta hidimar da ta fi cin ƙwallo uku. Kada mu kira shi munafuki, mu tsaya a bayansa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Cikinmu akwai waɗanda gobe za su zama alƙalai, da shugabannin makarantu, da masu riƙe dukiyar jama'a. Wanda ya koyi kare laifin nasa a filin ƙwallo yana ɗan shekara goma sha biyar, zai yi wuya ya daina idan ya hau kujera.

Duk mai ra'ayin da ya saɓa da namu, ɗalibi ko malami, ya rubuto ya jefa a akwatin ƙungiya, za mu manna shi a fitowa ta gaba in Allah Ya yarda. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da a kan namu ne.

Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta